Yadda nake sa wa raunin mahayin dabba lamba a tsarin ICD-10

Fayil ɗin da ya sa na fara lura da wannan ɓangare na aikinmu, wato sa wa cututtuka da raunuka lamba a fayil ɗin asibiti, takarda uku ce kacal a cikinsa. Likita ya rubuta a gurguje: namiji, karaya a hannun dama, sanadin doki. Ina ganin kalmar doki sai na ɗauka faɗowa ya yi, na buga lambar faɗuwa daga kan doki, na rufe fayil. Bayan mako biyu mutumin ya dawo a duba ɗorin, nas ɗin da ta karɓe shi ta rubuta labarin tiryan-tiryan. Ashe a tsugune yake yana cire wa dokin tsakuwa a kofato, dokin ya harbe shi. Ko hawa bai yi ba a ranar. Lambar da na sa tana cewa hatsarin sufuri ne, alhali rauni ne na mai kula da dabba a ƙasa. Na gyara, amma abin ya tsaya mini a rai, domin da bai dawo ba, haka zai shiga ƙididdiga, wani mai nazari ya ƙirga shi cikin mahayan da suka faɗo, ya gina shawara a kan abin da bai faru ba.

Tun daga ranar, duk fayil ɗin da aka ambaci doki, jaki, alfadari, raƙumi ko amalanke, tambayata ta farko ɗaya ce: lokacin da abin ya faru, ina mutumin yake? A bayan dabbar, a cikin abin da take ja, ko a ƙasa da ƙafarsa? Sauran aikin duka daga amsar nan yake tsirowa.

Kafin a je can, ka tabbatar da littafin da asibitinku yake aiki da shi, don iri biyu ne suka fi yawo, kuma ba a cakuɗa su. Akwai ICD-10, jerin lambobin cututtuka da raunuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka amince da shi a 1990, ƙasashe suka fara amfani da shi daga 1994. Akwai kuma ICD-10-CM, gyararren bugun da Amurka ta koma kansa ranar 1 ga Oktoba 2015, wanda ya faɗaɗa lambobin har suka kai gurbi bakwai, kuma ana sabunta shi duk shekara. Tushensu ɗaya, rassan ne suka bambanta. Zan fi kawo misalai daga na biyun don ya fi yawan tarkuna, in kuma nuna inda na farkon ya tsaya.

Rauni tukuna, sannan sanadinsa

Fayil ɗin rauni yana buƙatar amsa biyu. Me ya samu jikin mutum, kuma me ya jawo. Ta farko tana Babi na 19, lambobin da suke farawa da S da T. Ta biyu tana Babi na 20, masu farawa da V, W, X da Y. Lambar Babi na 20 ba ta taɓa zama a layin farko. Ba cuta ba ce, bayanin sanadi ce, kullum tana bin bayan lambar raunin. Na sha ganin sabbin shiga suna sa V80 a sama saboda ita ce ta fi ɗaukar hankali a labarin, amma ba wanda aka kwantar a asibiti don ya faɗo daga doki. An kwantar da shi ne don haƙarƙarinsa ya karye ko kansa ya bugu.

Wanda ya faɗo daga bayan dabba yakan zo da raunuka fiye da ɗaya, saboda tsayin da ya faɗo da kuma gudun da ake yi. Waɗanda na fi cin karo da su su ne karayar ƙashin nan da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, S42.0, da karayar wuyan hannu saboda dafa ƙasa, S52.5, da haƙarƙari, S22.3 idan guda ne, S22.4 idan sun fi ɗaya, sai buguwar kai a rukunin S06, sai kuma gadon baya da ƙugu a S32. Kowane rauni da lambarsa. Wanda likita ya nuna ya fi tsanani, kuma aka fi mai da hankali a kansa wajen magani, shi ke hawa layin farko. Wannan hukuncin likita ne. Idan rubutunsa bai fayyace ba, a tambaye shi.

Akwai ƙa'idoji uku da suke rage wahala. Karayar da ba a ce buɗaɗɗiya ce ko rufaffiya ba, rufaffiya ake ɗauka. A ICD-10-CM, wadda ba a ce ƙashin ya goce daga mazauninsa ko bai goce ba, ana ɗauka ya goce. Ƙujewa ko kumburin jini da yake daidai wurin da babban rauni yake kuwa, ba a ba shi lamba daban. Idan kafaɗar hagu ta karye kuma fatar wurin ta ƙuje, karayar ta wadatar. Idan kuma gwiwar dama ce ta ƙuje, wannan wani wuri ne, sai a ba shi tasa.

A kan dabba ko a ƙasa

Mutane da yawa suna mamaki idan suka ji cewa faɗuwa daga kan doki a tsakiyar gona, inda ba titi ba mota, hatsarin sufuri ne. Amma haka tsarin yake kallon abin. Dabbar da aka hau abin hawa ce, kamar keke, kamar babur. Shi ya sa ba a zuwa rukunin faɗuwa na W00 zuwa W19 a nemo mata lamba, duk da likita ya rubuta faɗuwa ƙarara. Gidanta V80 ne: mahayin dabba, ko wanda yake cikin abin hawan da dabba take ja, da ya ji rauni a hatsarin sufuri.

Idan kuwa ƙafar mutum tana ƙasa, an bar V80 ke nan. Wanda doki ya ciza yana ba shi abinci, W55.11. Wanda ya harba ko ya bangaje, W55.12. Wata hulɗar daban da dokin, W55.19. Sa ko saniya suna W55.2. A littafin Hukumar Lafiya ta Duniya duk waɗannan W55 ne, cizo ko bugun dabba mai shayarwa. A saman rukunin W55 na ICD-10-CM akwai gargaɗi a rubuce cewa idan dabbar hawanta ake yi, a koma hatsarin sufuri. Mutumin da na fara ba da labarinsa W55.12 ne tun farko.

Wanda yake jan doki da igiya a gefen titi mota ta buge shi, mai tafiya a ƙasa ne, V03. Riƙe linzami ba ya mai da mutum mahayi. Manomin da yake bin shanu a baya da garma shi ma ba a cikin abin hawa yake ba. Idan san ne ya buge shi, W55.22. Idan kayan noman ne suka yanke shi, a duba W30, wadda ta haɗa da kayan noman da dabba take ja.

An yi karo ko ba a yi ba

Da ka tabbatar mutum a kan dabba yake, sai tambaya ta biyu. Nan ne na fi ganin kuskure, kuma nan nake so ka fi daɗewa.

V80.0 ita ce ta faɗuwa ko jefarwa ba tare da karo ba. Doki ya yi tutsu, ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya yi tuntuɓe, majanyi ya tsinke sirdi ya juya, amalanke ya kife a kan kwana, duk nan suke. Littafin Hukumar Lafiya ta Duniya a nan ya tsaya. ICD-10-CM kuwa ya raba ta: V80.010 idan doki ne, V80.018 idan wata dabba ce daban, wato jaki, alfadari, raƙumi, giwa, sa, duk abin da aka hau wanda ba doki ba, sai V80.02 ga wanda yake cikin keken doki ko amalanke. A nan kaɗai, a cikin V80 gaba ɗaya, ake bambanta doki da sauran dabbobi. Saboda haka kada kalmar hawa ta sa ka ɗauka doki ne. Nemi sunan dabbar a rubuce.

Idan an yi karo, abin da aka yi karon da shi ne yake zaɓar lamba. V80.1 mai tafiya a ƙasa ko dabbar da ba kowa a kanta. V80.2 keke. V80.3 babur, mai ƙafa biyu ko uku. V80.4 mota, a-kori-kura, babbar mota ko bas. V80.5 wani abin hawa mai inji da aka ambata. V80.6 jirgin ƙasa. V80.7 abin hawa marar inji. V80.8 abin da yake kafe wuri ɗaya, kamar bishiya, katanga ko shinge. A ICD-10-CM, in ban da V80.7 da aka raba ta wata hanya daban, ana ƙara 1 ga mahayi, 2 ga na cikin amalanke, shi ya sa V80.41 mahayin da mota ta buge ne, V80.42 kuma na cikin amalanken da mota ta buge. Lura cewa ba a raba mai tuƙa amalanke da fasinjansa ba, lamba ɗaya suke ɗauka. Ba a kuma raba hatsarin kan titi da na bayan titi ba, saɓanin yadda aka yi wa mota da babur.

Ga tarkon da ya fi kama mutane. Fayil ya ce mota ta wuce da gudu tana ham, doki ya firgita, ya yar da mahayi. Idon mai sa lamba yana ganin mota, hannunsa yana tafiya V80.41. Amma motar ba ta taɓa kowa ba. Ba karo, don haka V80.010 ce. Ina karanta irin wannan jimlar sau biyu, ina neman kalmar da ta nuna taɓawa: ta buge, ta goge, ta yi karo da. Idan babu, ba na ƙirƙiro ta.

Tarko na biyu yana tsakanin V80.1 da V80.7. Doki biyu sun yi karo. Idan ɗayan a sake yake ba kowa a kansa, dabba ce kawai, V80.11. Idan akwai mutum a kansa, ya zama abin hawa marar inji, V80.710. Idan da amalanke mahayin ya yi karo, V80.720. Kalma ɗaya a cikin rubutun nas tana iya sauya rukunin gaba ɗaya.

Na uku yana tsakanin V80.0 da V80.8. Mahayi yana kan sirdi doki ya bi da shi ƙarƙashin bishiya reshe ya make shi a goshi, wannan karo ne da abu kafaffe, V80.81. Amma idan doki ya ci burki gaban shinge, mahayin ya wuce ta kansa ya faɗa kan shingen, a fahimtata jefarwa ce, V80.010, domin ya riga ya bar bayan dokin kafin ya haɗu da katakon. Haka nake yi wa wanda ya faɗo ƙafarsa ta maƙale a likkafa doki ya ja shi a ƙasa. Asalin hatsarin faɗowa ne, jan ci gabansa ne. Idan kuma dokin ya taka shi a cikin wannan faɗuwar, ba na ƙara W55, saboda gargaɗin nan da na ambata, kuma saboda hatsari ɗaya ne bai yanke ba.

Akwai waɗanda ba su faɗo ba kuma ba su yi karo ba. Doki ya wurga kai baya ya fasa wa mahayi hanci, ko linzami ya naɗe yatsa ya fizge. Waɗannan ina kai su V80.918, wani nau'in hatsari daban da aka bayyana. Ita kuwa V80.919 ta wanda aka ce ya ji rauni a wajen hawa ne kawai, ba wani bayani. Bambancin 8 da 9 a nan yana da muhimmanci a wurina. Takwas tana cewa mun san abin da ya faru, tsarin ne ba shi da gurbinsa. Tara tana cewa ba mu sani ba. Duk lokacin da na sa tara, na san wani ya rasa damar tambayar majiyyaci jimla ɗaya. Karo da motar soja yana da tasa lambar daban, V80.910, ba ya shiga V80.41.

Abu ɗaya da V80 ba ta tanada ba shi ne gurbin wanda ya ji rauni yana cikin hawa ko sauka, irin wanda aka yi wa mota. Abin da nake bi shi ne, idan nauyinsa ya riga ya koma kan dabbar, ƙafa a likkafa jiki a sama, ya faɗo daga nan, V80.01 ce. Ya kamata ofishinku ya zauna ya tsai da matsaya ɗaya a kan wannan, a rubuta ta, don kada mutum biyu su sa wa labari ɗaya lamba biyu.

Ɗaya ɓangaren hatsarin

Hatsarin karo yakan kawo fayil biyu, kuma V80 ta mutum ɗaya ce kawai a cikinsu. Lambar sufuri tana bin abin da majiyyacin da yake gabanka ya hau. Direban motar da ya yi karo da mahayin doki V46 ne. Mai babur V26, mai keke V16, na cikin babbar mota V66, na cikin bas V76. Mai tafiya a ƙasa da mahayi ya bi ta kansa V06. Ka lura dukkansu da 6 suke ƙarewa, wato karo da abin hawa marar inji. Idan kuwa dabbar a sake take, sai a koma masu ƙarewa da sifili, V10, V20, V40 da sauransu, ban da mai tafiya a ƙasa, wanda yake komawa W55. Na haddace su ne ta wannan hanyar, kuma har yau ba ta ba ni kunya ba.

Harafi na bakwai

Wannan na masu ICD-10-CM ne. Kowace lambar V80 sai ta cika gurbi bakwai, na ƙarshen kuma ɗaya ne cikin A, D ko S. Idan lambar ba ta kai shida ba, ana cike gurbin da X. Shi ya sa V80.010A ba ta buƙatar ciko, amma V80.41 sai ta zama V80.41XA, V80.02 ta zama V80.02XA. Lambar da aka bari ba ciko ba ta inganta ba, kwamfuta za ta ƙi ta, in ma ta karɓa kamfanin inshora zai dawo da ita.

A ba tana nufin zuwan farko ba ne, ko da yake haka mutane suke ɗauka. Tana nufin ana cikin maganin raunin gadan-gadan: ɗakin gaggawa, tiyata, likitan ƙashi da aka tura wa ya ga majiyyacin don ya yanke abin da za a yi. Mutum yana iya ganin likita uku a kwana uku, duka A. Haka wanda ya zauna a gida da karaya sai bayan makonni ya zo, shi ma A ne, tunda yanzu aka fara yi masa magani. D tana zuwa ne idan an gama wannan matakin ana bibiyar warkewa, kamar cire filasta, ɗaukar hoton ƙashi don a ga ko ya haɗe, ko cire zare. S kuwa ta abin da raunin ya bari ce bayan ya warke.

Harafin lambar V80 yana bin na lambar raunin. Sai dai karaya tana da haruffan da V80 ba ta da su: B ga buɗaɗɗiya, G ga wadda warkewarta ta yi jinkiri, K ga wadda ta ƙi haɗewa, P ga wadda ta haɗe a karkace, da wasu ƙari ga ƙashin dantse na ƙasa, cinya da ƙwauri. A irin wannan hali a duba matakin da ake ciki. B maganin farko ce, V80 ta ɗauki A. G, K da P duk bibiya ce, V80 ta ɗauki D.

Wuri, aiki da matsayi

Bayan V80 akwai lambobi uku na ƙarin bayani. Y92 tana faɗin wuri: Y92.73 fili na gona, Y92.71 barga ko rumfar dabbobi a gona, Y92.39 filin wasa da ya haɗa da makarantar koyon hawa, Y92.41 da rassanta titi. Y93 tana faɗin abin da mutum yake yi: Y93.52 hawan doki, Y93.K1 tafiya da dabba a ƙasa, Y93.K3 yi mata wanka, taza ko aski. Y99 tana faɗin matsayinsa: Y99.0 yana bakin aikin da ake biyansa, Y99.1 aikin soja, Y99.2 aikin sa-kai, Y99.8 nishaɗi da makamantansa.

Sau ɗaya ake sa su, a zuwan farko na magani, kuma ba sa ɗaukar harafi na bakwai. Idan fayil bai faɗi wuri ko aiki ko matsayi ba, ƙa'idar ta ce a bar su, kada a cike da Y92.9 ko Y93.9 ko Y99.9. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Y99 nake so ka fi kula da ita. Yarinyar da take koyon hawa ranar hutu da mutumin da yake ɗaukar kaya a kan jaki don ya ci da iyalinsa suna iya faɗowa iri ɗaya, su karye wuri ɗaya. Y99 ce kaɗai za ta nuna cewa na biyun rauni ne na wurin aiki, kuma wannan yana iya shafar wanda zai biya kuɗin maganinsa. Kuma kada a sa wa mai jakin Y93.52, ba doki ya hau ba.

A littafin Hukumar Lafiya ta Duniya abin ya fi sauƙi. Lambar wuri ta W00 zuwa Y34 ce, ba ta shafi V80 ba. Lambar aiki ce take shafarta, lamba guda: 0 wasanni, 1 nishaɗi, 2 aikin neman kuɗi, 3 wani aikin daban, har zuwa 9.

Fayil ɗaya daga farko har ƙarshe

Mu ɗauki wata mata da take koyon hawa a makarantar hawa ranar hutunta. Ƙarar inji ta firgita dokin, ya zabura, ta faɗo ta gefen hagu. Ta suma kamar minti biyar. Likita ya rubuta girgizar ƙwaƙwalwa, da karaya a tsakiyar ƙashin da ya haɗa kafaɗar hagu da ƙirji, ƙashin ya goce, fata ba ta fashe ba, sai ƙujewa a kafaɗar. An kwantar da ita ne don a sa ido a kan kanta.

Layin farko S06.0X1A, girgizar ƙwaƙwalwa da suma ta minti 30 ko ƙasa da haka. Na biyu S42.022A. Ƙujewar ba ta samun lamba. Sai V80.010A, sai Y92.39, Y93.52, Y99.8. Da likita bai rubuta tsawon suman ba, da S06.0X9A za ta zama, shi ya sa nake bin rubutun masu motar ɗaukar marasa lafiya da na nas in ga ko wani ya faɗi mintunan, in kai wa likita ya tabbatar.

Bayan mako shida ta dawo wurin likitan ƙashi, hoto ya nuna yana haɗewa: S42.022D da V80.010D, ba Y ko ɗaya. Da a ce bayan watanni ya ƙi haɗewa, S42.022K da V80.010D. Bayan shekara ta zo da ciwon kai mai naci, likita ya rubuta cewa daga waccan buguwar ne. Yanzu ciwon kan ne a sama, G44.329, sai S06.0X1S, sai V80.010S. Idan likita bai danganta ciwon kan da faɗuwar ba a rubuce, ba ni da ikon haɗa su, komai yadda abin ya yi kama da haka.

Da littafin Hukumar Lafiya ta Duniya, zuwan farkon S06.0, S42.0 da V80.0 ne. Abin da ya biyo baya kuwa yana da nasa rukunin daban, T90.5 ga abin da raunin cikin kai ya bari, Y85.9 ga sanadinsa, ko Y85.0 da a ce hatsarin na mota ne.

Tambayar da ake aika wa likita

Yawancin kurakuran nan ba daga littafi suke fitowa ba, daga gajeren rubutu ne. Likitan ɗakin gaggawa yana ƙoƙarin ceton rai, sunan dabba ba shi ne a gabansa ba. Sau da yawa cikakken labarin yana takardar nas ta karɓar majiyyaci. Sunan raunin dai daga likita yake fitowa, ba daga kowa ba. Labarin yadda abin ya faru kuma ina karanta shi daga duk inda aka rubuta, bisa abin da dokar asibiti ta yarda, in kuma rubutu biyu sun saɓa sai in tambaya.

Tambayar kada ta ja likita zuwa amsar da kake so. Ba a rubuta cewa ai faɗowa ya yi ko. Ni nakan rubuta: fayil ya ambaci doki a matsayin sanadi, don Allah a fayyace ko majiyyacin yana kan dokin ne ko a ƙasa, ko an yi karo da wani abu, da kuma menene. Layi biyu ne, likita zai amsa cikin minti ɗaya. A wani asibitin da na yi aiki mun roƙi a ƙara tambayoyi huɗu a takardar karɓar masu rauni: wace dabba, a kai ko a ƙasa, karo da me, aiki ko nishaɗi. Na so a ƙara ta biyar, ko yana sanye da hular kwano, domin V80 ba ta da gurbin wannan, kuma idan ba a rubuta a fayil ba, mai binciken raunin kai ba shi da inda zai samo shi daga baya.

Ko da ka haddace lamba, fara daga fihirisar sanadin rauni, ƙarƙashin hatsari, sufuri, mahayin dabba, sannan ka buɗe babban jerin ka karanta bayanan da suke saman rukunin, musamman na abubuwan da aka cire. Ka kuma duba shekarar bugun da yake hannunka, don ranar da aka ga majiyyaci ko aka sallame shi ce take nuna bugun da ya shafe shi. ICD-11, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022, ya mai da raunuka Babi na 22, sanadinsu Babi na 23, da sababbin lambobi gaba ɗaya. Idan asibitinku ya koma kansa, V80 ba za ta yi aiki a can ba, sai ka nemo gurbin mahayin dabba da na cikin amalanke daga fihirisarsa tun daga farko.